Darbejiya a Gonar Aro

Kwanakin baya ɗayanku ya dawo daga ɗaurin aure a ƙauye ransa a ɓace, wai wani dattijo ya nuna shi da baki ya ce ai wannan ɗan mutumin nan ne da ya so ya cinye gonar mutane da dashen itace. Bai faɗa mini ba, matarsa ce ta tsegunta mini. To tunda har maganar tana yawo bayan mai ita ya daɗe a ƙasa, bari in rubuta muku yadda aka yi da hannuna, ko da rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, wani layin ya miƙe wani ya karkace. Ba zan yi wa mahaifinku kwalliya ba. Mutum ne mai taurin kai, in ya kafe a kan abu sai dai ka gaji ka ƙyale shi, kuma na sha faɗa masa haka yana raye. Amma a ce ɓarawon gona ne, wannan ƙarya ce, kuma waɗanda suka fi kowa sanin ƙarya ce su suka bar ta ta girma.

Ku da kuka tashi a birni ba ku san yadda ƙasa take a wajenmu ba. Daga ƙauyenmu har ka shiga Dawakin Tofa ba za ka ga taku ɗaya da ba shi da mai shi ba, gona na jingine da gona, iyakarsu ɗan layin ciyawar gamba ne ko jema. Abin da Malam ya gada, wato mahaifinku, bayan an raba tsakaninsa da 'yan uwansa, ɗan fili ne a bayan gida da ko kuɓewa ba ta isar mu. Gonar da muke ci ta gabas da gari ce, kuma ta aro ce. Wani dattijo mai suna Alhaji Garba ya ara wa kakanku ita tun Malam yana yaro, kakanku ya rasu Malam ya ci gaba da nomanta. Duk kaka akan kai wa Alhaji ɗan dami na godiya, shi kuma ya sa albarka. Gonar aro tana da ƙa'ida guda wadda kowa ya sani ba sai an gaya masa ba. Kana iya shuka gero, dawa, wake, gyaɗa, duk abin da zai mutu a shekararsa. Amma ba ka dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, kuma a wajenmu wanda ya dasa itace a ƙasa kamar ya ce ƙasar tasa ce.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta farko ruwa ya yi ta yaudarar mutane, a yi shuka ta bushe, a sake ta bushe. Dabbobi suka cinye duk wani tsiro har saiwa, mata muka kakkarye duk wani reshe da hannu zai kai, ƙasa ta zama tsirara. Can wajen ƙarshen damina, lokacin da ba shi da sauran amfani ga kowa, sai aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bai sami abin da zai tare shi ba, ya kwaso gudu daga tudu ya tsaga ƙasa a gabashin gari. Da gari ya waye aka tarar da kwazazzabo wanda mutum zai tsaya a ciki ba a ga kansa ba. Ya bi ta gefen gonarmu ya cinye kunyoyin shuka da yawa, bakinsa kuma ya nufi makabarta sosai. A makabartar nan kakanku yake, kuma a nan muka binne 'yar uwarku Hauwa, wadda ƙyanda ta ɗauke a wannan shekarar tana koyon tafiya.

Malam ne ya tashi bayan sallar Juma'a ya yi wa mutane magana. Ya ce hukuma tana da nisa, kafin ta ji labarinmu ruwa ya tone mana iyaye. A nan aka kafa ƙungiyar gayya, ba ta da wani suna, mutane dai suna ce musu 'Yan Kwazazzabo. Ba a biyan kowa. Duk Alhamis da Lahadi a fita da diga da shebur da jakuna, a ɗebo duwatsu a mangala, a cika tsofaffin buhuna da yashi, a jera a cikin ramin, a kafa turaku a saƙa ƙaya. Mu mata muna aika musu da abin da ya samu, wani lokaci kunun tsamiya ne da ruwa ya fi gari yawa, wani lokaci kwaɗon rama. Na gaya muku gaskiya, ban taɓa ganin garinmu ya yi kyau kamar a wannan rani ba, ga yunwa a fuskar kowa amma ana dawowa da yamma ana dariya. Na hannun daman Malam shi ne Malam Idi, amininsa tun suna makarantar allo. A akushi ɗaya suke cin tuwo a zaurenmu, kuma shi ya yi wa babbanku huɗuba.

Duwatsu da buhu ba sa riƙe ƙasa har abada, sai an sa mata saiwa. Wannan kowa ya yarda. Inda aka sami tangarɗa shi ne a gonar wa za a dasa. Wannan ya ce inuwa za ta kashe masa gero, wancan ya ce itace yana tara tsuntsaye. Kuma inda ramin ya fi ci, inda dole a dasa in ana son a tsare makabarta, gefen gonarmu ne. Ranar da Malam ya shigo da maganar, Inna, kakarku, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ta ajiye mazarin.

"Kai ɗan nan, a gonar wa ka ce?"

"A tamu, Inna. Ta nan ramin ya bi."

"Taku? Yaushe ubanka ya saya ban ji ba? Gonar aro ce. Ubanka ya yi shekara da shekaru yana nomanta ko zogale bai taɓa kafawa ba."

"Zan je in nemi izinin Alhaji."

"Alhaji ya tsufa. Izinin tsoho da shi ake binne shi."

Malam ya yi dariya ya ce Inna ta cika tsoro. Washegari ya ɗauki Malam Idi da wasu dattawan ƙungiya biyu suka tafi wajen Alhaji Garba. Suka same shi a gindin ceɗiyar ƙofar gidansa. Da Malam ya dawo fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce Alhaji ko gama jin bayanin bai yi ba ya ce a dasa, shi ma makabartar nan za a kai shi, ba ya son ruwa ya yi yawo da shi. Ya ce itatuwan na gonar ne, noman kuma na Malam ne kamar yadda aka saba. Aka shafa fatiha aka tashi. Ba wanda ya yi tunanin a je a maimaita maganar a gaban dagaci, don a lokacin mutum uku masu gemu sun isa shaida.

Ni na raini itatuwan nan, wannan ma ku sani. Aka tsinto mini 'ya'yan darbejiya, na cika fasassun tukwane da tsofaffin gwangwanaye da ƙasa da takin awaki, na jera su a bayan ɗakina inda rana ba ta dukansu sosai. Ruwa a wannan rani sai an kwana a layin rijiya, guga ya sauka ya fito da rabin laka. Ruwan da na yi alwala da shi a kansu nake yi, ruwan ɗauraye kwanuka a kansu, wanda na yi muku wanka da shi ma sai in tare a kwano in kai musu. Kaji suka yi ta tone su ina kora, har Inna tana yi mini tsiya wai na sami sababbin 'ya'ya na manta da nata jikokin. Da damina ta faɗi ƙungiya ta zo ta kwashe su, aka dasa a bakin ramin daga gonarmu har kusa da makabarta, aka sa gamba a tsakani, aka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Daminar ita ma ba ta yi albarka ba, abin da muka girba bai kai mu tsakiyar rani ba. Amma ramin bai ƙara ko taku ɗaya ba, kuma mafi yawan dashen ya kama.

Da kaka Alhaji Garba ya rasu. Gonar ta faɗa a rabon ɗansa Ɗanlami, wanda yake fataucin hatsi tsakanin ƙauyuka da Kano. Ya zo ya karɓi ta'aziyya ya koma fataucinsa, bai ce komai ba. Malam ya ɗauka shiru yarda ce. Duk ranin nan ya yi shi yana kai taki gonar, shi da jakinsa da ƙashin haƙarƙarinsa ya fito, mangala bayan mangala, har da sharar gida da tokar murhuna da nake tara masa. In ya sauke takin sai ya biya rijiya ya ɗebi ruwa a tulu ya bi dashen ɗaya bayan ɗaya. Gonar ta yi baƙi ƙirin da taki, kowa ya wuce sai ya tanka. Sai da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, mun riga mun gyara iri, sannan aka aiko daga gidan dagaci ana kiran Malam. Ɗanlami ya kai ƙara cewa an yi dashe a gonar ubansa don a ƙwace ta.

Ni ban je ba, matan aure ba sa zuwa irin wannan wuri. Inna ce ta ja sandarta ta je ta zauna a gefe, kuma daga bakinta na ji komai, don Malam bai taɓa ba ni labarin ranar ba har ya koma ga Allah. Ta ce Malam ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce da izinin marigayi ya dasa, kuma ga shaidunsa nan zaune. Dagaci ya ce in dai marigayi ya yi izini a gaban shaidu to magana ta ƙare, aro yana nan, itatuwa na mai gona. Ya juya wajen Malam Idi.

"Malam Idi, kana wurin?"

"Ranka ya daɗe, na dai raka shi."

"Ka ji marigayi ya ce a dasa?"

"To, ranka ya daɗe, sun yi magana kam. Amma ni ina ɗan nesa, kuma Alhaji muryarsa ta yi ƙasa a lokacin. Ba zan ɗauki abin da ban tabbatar ba."

Na biyun ya ce shi ya manta, abin ya kwana biyu. Na ukun ma bai zo ba, wai ciwon ciki. Sauran 'yan ƙungiya, waɗanda suka haƙa ramukan dashen da hannunsu, suna zaune sun cika wurin, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wannan bazarar rumbun kowa ya ƙare, kuma gidan Ɗanlami kaɗai ake shiga da ƙwarya a fito da hatsi. Na san yunwa, na san yadda take sa mutum ya yi abin kunya. Amma mu ma yunwar muke ji, kuma kalma ɗaya ake nema a bakinsu.

Malam ya ce to shi a gaban kowa ya sallama itatuwan, na Ɗanlami ne, ba ya neman ko ganye ɗaya. Ɗanlami ya ce yau kai ka faɗa, gobe in ba ni ba kai, 'ya'yanka za su nuna su su ce ubanmu ya dasa, kuma ga su suna noma a gindinsu, wa zai ƙaryata su? A nan ba zan zalunce shi ba, an sha yin haka a ƙasarmu, tsoronsa ba na banza ba ne. Sai ya kawo zaɓi, dagaci kuma ya amince. Ko Malam ya tumɓuke dashen nan gaba ɗaya ya ci gaba da noman aro, ko itatuwa su tsaya shi ya fita daga gonar. Aka ba shi zuwa Juma'a.

Gidanmu bai taɓa jin hayaniya irin ta waɗannan kwanaki ba. Inna ta ce ya je ya cire su tun kafin ruwa ya sauka. Ni ma haka na ce, ni da na shayar da su da ruwan alwalata.

"Malam, ka dubi yaran nan. Me za mu ba su?"

"Allah zai ba su."

"Allah ya riga ya ba su, ga gona can ka zuba mata taki. Ka je ka cire abin nan."

"In na cire, ruwan farko zai buɗe ramin. Kin san inda zai nufa. Hauwa tana can."

"Na san inda take, ni na haife ta. Hauwa ba ta cin tuwo, Malam. Waɗannan su suke ci."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Har yau ban janye wannan maganar ba, uwa ce ta faɗe ta. Na ce masa makabartar ta gari ce, ba tamu mu kaɗai ba, me ya sa mu kaɗai za mu biya? Mutanen da suka kasa buɗe baki saboda kai, su za ka tsare wa kaburburan iyaye da abincin 'ya'yanka? Ya ce shi ba don su ya yi ba, kuma shi ya tara mutane ya sa su aikin nan da yunwa a cikinsu, ba zai je da hannunsa ya rushe ba. Inna ta yi kuka, ta yi masa Allah ya isa ta janye, ta sake yi. Ranar Juma'a ya sa rigarsa ya tafi gidan dagaci, ya ce itatuwa su tsaya.

A wannan shekarar ruwa ya dawo. Irin daminar da aka yi shekaru ana roƙo, ita ce ta sauka, ba ƙaranci ba ɓarna. Ɗanlami ya sa aka shuka gero a kan takin Malam, geron ya tashi har ya fi mutum a kan jaki tsawo. Ramin bai motsa ba, makabarta ta tsira, mutane suna ta cewa aikin gayya ya yi rana. Malam kuwa, mutumin da ya saba fita gonarsa da sassafe yana waƙa, ya koma ɗan ƙwadago. Ya ɗauki fartanyarsa ya bi gonakin mutane, wani lokaci har wajen Bagwai, a ba shi abin da aka ga dama. Ni na kama surfe da daka a gidajen mutane ana biyana da tsaki da dusa. Na sayar da kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiya ba ta watse ba, ta zaɓi Malam Idi ya shugabance ta. Ba wanda ya kori Malam, kawai dai an daina aiko masa in za a fita. Kuma don kowa ya sami abin da zai kwantar da ransa da shi, sai aka fara cewa ai dama shi ma da wata manufa ya yi dashen. Daga nan maganar da aka gaya wa ɗan uwanku ta samo asali.

Da kaka ta yi, geron gonar ya fi ƙarfin 'yan aikin Ɗanlami, sai ya kira gayya. 'Yan Kwazazzabo suka fita ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, da kiɗa, suka girbe masa. Muna cikin gida muna jin gangar. Da la'asar sai muka ji sallama a zaure, muryar da na sani sarai, wadda ta yi wata da watanni ba ta zo ba. Malam ba ya nan, yana can yana yankan geron wani. Inna ta fita, ni na tsaya a bayan ƙyaure. Malam Idi ne, da jaki, an ɗora masa dami guda.

"Inna, barka da yamma. Alhaji Ɗanlami ne ya fitar da zakka, ya ce a kawo nan gidan."

"Zakkar wace gonar?"

Ya juya ya hau kwance igiyar damin.

"Idi, kai aka ga ya dace a aiko?"

"Ni na ce a fara da ku, Inna. Na san halin da ake ciki."

"Ashe ka san wani abu. Na ɗauka kunnen ne ya tafi gaba ɗaya."

Ya sauke damin a zaure ya ja jakinsa ya tafi. Inna ta ce in kira wani ya mayar musu da tsiyarsu. Na tsaya ina kallon damin nan. Zangarniya ce manya-manya, cike da ƙwaya, irin wadda ba ta fitowa sai a ƙasar da ta ƙoshi, kuma na san tokar murhun wa ta ci. A ranar tun safe abin da ke cikinku ruwan dusa ne, ƙaraminku ya yi kuka har ya gaji ya yi barci a kan tabarma. Na jawo damin cikin gida. Na sussuke, na sheƙe, na surfa, na daka, hawaye na zuba a turmin ina dakawa da su. Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka.

Malam ya shigo bayan magariba, ƙafafunsa duk ƙaiƙayi, ya zauna a bakin ɗaki. Na ajiye masa akushi. Ya buɗe ya ga tuwon sabon gero, fari, yana tururi, abin da rabonmu da shi an daɗe.

"Wannan daga ina?"

"Daga gonarka. Zakka ce aka kawo mana. Idi ya kawo."

Na zaci zai rufe akushin ya ture, kuma wallahi da ya yi haka da na fi samun sauƙi. Sai ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ci. Da asuba yana da yankan gero a gonar wani, kuma ba a yinsa da cikin wofi. Yana ci kansa a ƙasa, ni ina zaune ina kallonsa. Kafin ya rasu ya ce mini ya yafe wa kowa, ya roƙe ni in yafe. Na ce masa to, don kada ya tafi da damuwa, amma ban yafe ba, kuma ga shi na tsufa ban iya ba.

Ku kuwa a daren nan kuna gefe kun kewaye ƙwarya, ba ku san komai ba, kuna ci kuna dariya kuna rige-rigen loma. Kuka cinye kuka miƙo mini ƙwaryar kuna neman ƙari, na ƙara muku.